Gidana Ne Filin Hidimata: Shaidar Wata Matar Aure Daga Zariya

Ina gaishe ku cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Idan aka ba da zarafin shaida a majami'a ranar Lahadi, waɗanda suka fi tashi su ne waɗanda Allah ya tsamo daga hatsarin mota, ko ya warkar da su daga ciwon da aka fid da rai, ko ya ba su haihuwa bayan dogon jira, kuma ya dace su tashi su yi godiya. Tawa shaidar ba ta da irin wannan babban labari. Abin da nake da shi shi ne zaman aure na fiye da shekara ashirin a cikin ɗan madaidaicin gida a Zariya, tare da miji da 'ya'ya da suruka, da tukunyar da ake ɗorawa kullum ko akwai ko babu. Mata da yawa suna ganin irin wannan bai isa a kira shi shaida ba. Ni kuwa a nan ne na fi ganin amincin Ubangiji, shi ya sa na ga ya kamata in rubuta.

An haife ni a wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, cikin jihar Katsina. Kakannina Maguzawa ne, kuma sun karɓi bishara ta bakin masu wa'azi na mishan ɗin SIM, wadda ikkilisiyarmu ta ECWA ta fito daga cikinta a shekarar 1954. Hausa ce harshen da na buɗe baki da shi, da ita aka yi mini baftisma, da ita nake addu'a, ko da yake har yau akan sami wanda zai yi mamaki idan ya ji Bahaushiya ta ce ita Kirista ce. A wajenmu mace ba ta zaman jira a kawo mata. Mahaifiyata tana aiki a gandun gida tare da kowa, sannan tana da gayaunarta da ɗan rumbunta, kuma daga wannan rumbu take rufa wa gida asiri idan damina ta yi nisa, hatsin maigida ya ja baya. Abu na farko da ta koya mini game da aure ba ado ba ne, ba kuma iya magana ba. Ta ce dole mace ta san yawan hatsin da ke gidanta da yawan bakin da zai ci shi, ta kuma san watan da sabon hatsi zai shigo.

Da aka kawo ni Zariya na tarar da maigidana, wanda malamin makaranta ne, yana zaune da mahaifiyarsa, domin mahaifinsa ya riga ya rasu. Iya muke ce mata. 'Yan'uwana sun ji mini tsoro, saboda kowa ya san abin da akan faɗa game da zaman amarya da uwar miji a tsakar gida ɗaya. Gaskiya Iya mace ce mai tsanani a kan tsabta da ɓarnar abinci, ba ta ganin ƙanzo a tukunya ta yi shiru, sai ta sa a jiƙa shi a ba kaji ko a shanya. Amma ita ce ta mai da gidan nan gidan addu'a tun kafin in shigo. Ba ta yi boko ba, a ajin yaƙi da jahilci na ikkilisiya ta koyi karatu, kuma Littafi Mai Tsarki da take riƙe da shi tsohon juyi ne, irin wanda aka fara bugawa cikakke da Hausa a 1932, aikin da Likita Miller na mishan ɗin CMS, wanda ya yi zama a nan Zariya, ya sa hannu a ciki tare da abokan aikinsa. Bangonsa ya rabu, ta ɗinke shi da ƙyallen atamfa. Duk ranar da za a kwance sabon buhun masara, sai ta kira ni, ta ɗora hannu a bakin buhun, ta yi godiya, ta roƙi Allah ya sa albarka, sannan ta ce, “To, 'yata, auna.” Har yau ban buɗe buhu ba tare da wannan addu'a ba.

Yinina yana farawa da kiran sallar asuba daga masallacin unguwarmu, wanda ya daɗe da zama agogona. Nakan tashi in sami ɗan lokaci ni kaɗai da Ubangiji kafin gida ya motsa, domin na lura idan wannan lokaci ya kuɓuce mini ba na sake samun irinsa sai dare, a dare kuwa gajiya takan rinjaye ni. Daga nan sai in hura gawayi, in ɗora ruwan koko, in tashi yara. Mukan taru a falo, mu rera waƙa ɗaya, maigida ya karanta nassi, yaro ɗaya ya yi addu'a bi da bi, mu rufe da Addu'ar Ubangiji. Ba ma wuce minti goma sha biyar, kuma ba kullum yake tafiya lami lafiya ba, wata rana auta yana gyangyaɗi, wata rana wani yana neman takalmin makaranta da ido. Duk da haka mun ƙi yarda mu bar shi. Idan muka zo wurin da ake roƙon abincin yini, ni ce na san ainihin abin da ake roƙo, domin ni ce na leƙa buhu da daddare.

Sana'ata awara ce, kuma ina so in ɗan tsaya a kanta, saboda da ita aka biya kuɗin jarrabawa da na magani sau da yawa a gidan nan. Tun da dare nake tsince waken soya in jiƙa shi. Da gari ya waye, bayan yara sun tafi, sai a kai inji a markaɗo, in ƙara ruwa, in tace da ƙyalle mai laushi har madarar ta rabu da dusa. Madarar nake zubawa a babbar tukunya in tsaya a kanta, domin idan ta tafasa takan taso farat ɗaya ta zube, a yi asarar wake da gawayi. Da ta tafasa sai in dinga zuba ruwan tsami kaɗan kaɗan, wanda nake ajiyewa daga ruwan gasarar koko, ina kallo har ta dunƙule ta taso sama, ruwan ƙasa ya yi garau. In kwashe cikin buhu mai tsabta, in sa gishiri da attaruhu da albasa, in ɗaure, in danne da dutse har ruwan ya tsane. Da la'asar nake yankawa in soya, masu saye suna tsaye a ƙofar gida da kwanoninsu. Dusar ba ta zuwa bola, ta awaki ce. Aiki ne mai cin baya da hayaƙi a ido, amma a bakin wannan tukunya na haddace yawancin Zabura da na sani, domin hannu yana aiki, baki ba ya rasa abin yi. Idan na karanta labarin macen kirki a sura ta 31 ta Karin Magana, wadda take tashi tun da sauran duhu, tana saye tana sayarwa, tana miƙa hannu ga matalauta, ba na ganin wata sarauniya ta nesa. Ina ganin matan unguwarmu masu ƙosai da waina da ɗinki.

Game da zama da miji, Hausawa sun riga sun faɗa, zo mu zauna zo mu saɓa. Yawancin saɓaninmu a kan kuɗi ne, musamman idan dangi suka aiko da bukata a tsakiyar wata, shi kuma mutum ne da ba ya iya cewa babu. Na yarda da koyarwar Littafi Mai Tsarki cewa mace ta yi biyayya ga mijinta, ina kuma yin ta da zuciya ɗaya. Sai dai ban yarda da yadda wasu suke fassara biyayya da cewa mace ta kulle bakinta tana kallo gida yana rushewa ba. Sura ta 5 ta Afisawa da ta umarci mata da biyayya ita ce ta umarci maza su ƙaunaci matansu yadda Almasihu ya ƙaunaci ikkilisiya har ya ba da ransa dominta, kuma wanda yake ƙaunarka haka zai so ya ji gaskiya daga bakinka. Abin da muka daidaita a kai shi ne, duk ƙarshen wata, idan yara sun kwanta, mu zauna da ɗan littafi da biro. Nakan ce, “Maigida, ga abin da ya rage, ga abin da ke gabanmu.” Mu fara cire zakka, sannan abinci, sannan makaranta, sannan abin da za a aika gida, nasa da nawa. Shi ke yanke magana ta ƙarshe, amma ba ya yanke ta sai ya ji tawa. Ba na yi masa gardama a gaban yara, shi ma bai taɓa tsawata mini a gabansu ba, kuma muna ƙoƙari mu bi gargaɗin nan na kada rana ta faɗi muna cikin fushi, ko da sulhun bai wuce in ajiye masa ruwan wanka shi kuma ya ce sannu ba.

Gwaji mafi nauyi da na fuskanta ya zo ne lokacin da hawan jini ya kayar da Iya, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Bayan an sallame mu daga asibitin koyarwa na Shika, sai jinya ta dawo gida, jinyar gida kuwa a wuyan mace take sauka. Matar da ba ta yarda kowa ya wanke mata ko ɗankwali ba, ga shi sai an ɗaga ta, an yi mata wanka, an canza mata shimfiɗa. Ma'aikatan jinya sun koya mini in dinga juya ta bayan 'yan sa'o'i don kada bayanta ya yi gyambo, in kuma zaunar da ita sosai kafin in ba ta abinci don kada ta shaƙe. Kunun gyaɗa mai ɗan kauri nake ba ta da ƙaramin cokali, ina jira ta haɗiye, ina share gefen bakin da ba ya rufuwa. Kwano ɗaya yakan ɗauke mu kusan sa'a guda. A farkon kwanakin takan juya fuska bango ta yi hawaye duk lokacin da na zo gyara ta, saboda kunya. Wata rana na durƙusa kusa da ita na ce, “Iya, ke kika yi wa maigida wannan yana jariri, kika yi wa jikokinki. Ki bar ni in sami tawa albarkar.” Ta kama hannuna da hannunta mai lafiya, ta daɗe ba ta saki ba, kuma daga ranar ba ta ƙara juya mini fuska ba.

Ba zan ɓoye cewa na gaji ba. Akwai daren da na zauna a bakin murhu bayan kowa ya yi barci, na gaya wa Ubangiji cewa ƙarfina ya ƙare. Na daina zuwa taron Zumuntar Mata na tsakiyar mako, na rage awara, wani lokaci ko sujadar Lahadi sai mu yi karɓa-karɓa da maigida. Abin da Allah ya yi shi ne ya aiko mini da mutane. Matan zumunta suka tsara a tsakaninsu, wata ta zo ta yi wanki, wata ta zauna da Iya in je kasuwa, wata ta kawo itace. Wata ranar Asabar suka zo gaba ɗayansu sanye da zanen zumunta, da tulunsu da kacau-kacau, suka cika tsakar gida da waƙa. Iya, wadda maganarta ba ta fita sosai, sai ga ta tana bin amshi, kalmomin waƙar suna fita fiye da yadda maganar yau da kullum take fita. Shugabarmu ta karanta labarin Rut da uwar mijinta Na'omi, ta yi mana addu'a mu biyu. Da annobar korona ta zo a 2020, aka rufe majami'u da masallatai a jihar Kaduna tun daga ƙarshen watan Maris, sai ɗakin Iya ya zama majami'armu, maigida yana wa'azi, yara suna waƙa, muna tara baiko a kwano mu ajiye har ranar da aka buɗe. Ubangiji ya kira ta gida bayan wannan, tana kwance a ɗakinta, muna kewaye da ita. Littafinta mai bangon atamfa ni ta bar wa.

Shekarar 2023 kuma ta gwada mu ta wata fuskar. A watan Fabrairu, lokacin canjin kuɗi, takardar naira ta ɓace daga hannun mutane, masu sayen awarar naira ɗari ba su da abin biya, ni ma ba ni da abin ba mai inji. Ba mu gama farfaɗowa ba aka sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuma komai ya bi ta, daga kuɗin mota zuwa mudun masara da buhun taki. Albashin malami bai motsa ba. Muka koma cin nama sai ranar Lahadi, daga baya ma muka koma kifi busasshe da daddawa. Na shuka alayyafo da kuɓewa da yakuwa a tsofaffin buhuna a bayan ɗaki, ina ba su ruwan wanke-wanke. Maigida ya ajiye babur ya koma tafiya makaranta a ƙasa. A wannan lokaci na yi ta komawa ga labarin gwauruwar Zarefat a sura ta 17 ta Sarakuna na Fari, wadda garinta bai ƙare ba, manta bai ƙafe ba, har ranar da aka yi ruwa. Abin da na lura da shi shi ne, ba a ce tukunyarta ta cika ta tumbatsa ba. An ce dai ba ta ƙare ba. Haka aka yi mana. Ɗan abin da muka noma a gonar aro ya kai mu, kwasar adashena ta faɗo daidai lokacin kuɗin makaranta, wani tsohon ɗalibin maigida ya aiko da rabin buhun shinkafa ba tare da an roƙe shi ba. Ba mu kwana da yunwa ba, ba mu kuma ci bashin da ya fi ƙarfinmu ba.

Saboda abin da na gani da idona, raina yakan ɓaci idan na ji masu wa'azin da ke gaya wa mata cewa talauci alamar rashin bangaskiya ne, ko kuma su kawo kuɗin cefane su “shuka” don Allah ya ninka musu. Na san gwauraye a zumuntarmu da bangaskiyarsu ta fi tawa nesa ba kusa ba, kuma ɗaki ɗaya suke haya. Manzo Bulus da kansa ya gaya wa Filibiyawa cewa ya koyi zama da ƙoshi da yunwa, da yalwa da rashi. Muna ba da zakka da baiko da godiyar kaka domin na Ubangiji ne, ba domin muna ciniki da shi ba.

Ba zan rubuta labarin gidana in bar maƙwabtana ba. Katanga ɗaya ta raba mu da gidan wata Hajiya, kuma tare muka yi goyon 'ya'yanmu. Da Babbar Sallah naman layya yakan shigo mana, da azumi nakan aika mata da awara mai zafi gab da shan ruwa. Da Kirsimeti kuwa maigidanta muke kai wa kajinmu ya yanka, domin su ci shinkafarmu hankali kwance. A watan Afrilun 2011, da rikicin bayan zaɓe ya taɓa Zariya, wannan baiwar Allah ce ta buɗe ƙofar baya ta shigar da ni da yara da Iya cikin ɗakinta, mijinta ya zauna a ƙofar gida har ƙura ta lafa. Ba ta bar addininta ba, ban bar nawa ba, ta san ina yi mata addu'a da sunan Yesu, ni ma na san tana sa ni a tata. Idan ina koya wa yarana umarnin nan na ƙaunar maƙwabci, ba na bukatar in nemo misali daga nesa.

Yaran sun girma yanzu. Maza da mata duka na koya musu tuƙa tuwo da wanki da share tsakar gida, ko da yake wasu dangi sun ce ina mai da 'ya'ya maza mata. Amsata ita ce wata rana matar ɗana za ta kwanta ciwo ko ta haihu, kuma ba na so ya tsaya yana kallon murhu. Abin da ya fi ba ni wahala a tarbiyyarsu shi ne waya. Makarantar Lahadi tana samunsu sa'a ɗaya ko biyu a mako, waya kuwa tana hannunsu dare da rana, don haka muka kafa doka cewa ba a zuwa da ita wurin cin abinci ko wurin addu'a, kuma dokar ta hau kaina da maigida kafin ta hau kansu.

A zumunta yanzu an sa ni cikin masu zama da sababbin amare, bisa ga abin da Bulus ya rubuta wa Titus, cewa manyan mata su koya wa ƙanana ƙaunar mazansu da 'ya'yansu da kula da gida. Yawancinsu sun fi ni karatu, wasu ma'aikatan jinya ne, wasu malamai, kuma ina murna da haka, ba na gaya wa kowace ta bar aikinta. Damuwar da suka fi kawowa ita ce suna ganin gidajen wasu a Facebook da TikTok, falo mai kyalli da miji mai kyauta, sai nasu ya zama abin raini a idonsu. Nakan tambaye su mudu nawa suke ci a mako, da yawa ba su sani ba, sai mu fara daga nan, mu ɗauki littafi mu yi lissafi, sannan mu buɗe nassi. Wasu kuma suna jin laifi cewa reno da girki sun hana su hidimar Ubangiji. Nakan karanta musu labarin Marta da Maryamu a sura ta 10 ta Luka, in nuna musu cewa Yesu bai tsawata wa Marta don ta yi girki ba, damuwa da tashin hankalin da suka raba ta da sauraronsa ne ya yi magana a kai. Idan kuma wata ta zo da tabon duka a jiki, ba na ce mata ta je ta yi haƙuri kawai, nakan kama hannunta mu tafi wurin fasto da dattawa, a kira mijin da iyayensu.

Maigida ya kusa ajiye aiki, babbar 'yarmu kuma an kawo gaisuwar aurenta, muna sa ran ɗaurawa bayan kaka. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya taya mu addu'a a kan wannan aure, da lafiyar maigida wanda shi ma hawan jini ya fara taɓa shi, da kuma 'yan'uwana da ke ƙauyukan kudancin Katsina, waɗanda rashin tsaro yake hana su zuwa gonakinsu na nesa.